Almakashin Ɗakin Tiyata

Ni tela ce, kuma tun ina budurwa a Ƙofar Marusa nake gane almakashi da kunne. Mai kaifi yana wucewa sumul, dakusasshe kuwa sai ya yi ta taunar yadi.

Da cikina ya isa haihuwa, likita ta ce ɗiyar a gicciye take, sai an yi mini aiki. Aka yi mini allura a baya, rabin jikina ya mutu. Kafin a sa mini labule a ƙirji na hango tiren kayan aiki: ƙaramar wuƙa, almakasai, waɗansu masu kama da su amma ba kaifi, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai faɗi. Na tambayi nas ɗin da ke tsaye a kaina. Ta ce marasa kaifin jijiyar jini suke matsewa, mai faɗin kuma mafitsara yake karewa kada wuƙa ta taɓa ta.

Can sai na ji almakashi ya kama aiki. Bai tauna ba, kuma hannun da ke riƙe da shi ba ya shakka. Nan tsorona ya tafi, tun kafin yarinyar ta yi kuka.

Da aka cire bandeji na sa madubi na duba ɗinkin, kamar yadda nake duba na kowa. Miƙaƙƙe ne, ba tattara. Da a shagona likitar nan take, ita zan riƙa ba ɗinkin amare.