Sandar Baba Nomau

Har gobe ban manta da ranar da na rufe gadar gulbi a kusa da Gidan Rumji ba, a damina ta farko bayan samun 'yancin kai. Aikina a ma'aikatar hanyoyi shi ne gadin gada. Akwai ma'aunin ruwa a jikin ƙafarta. Kowace safiya in duba, in ruwa ya kai jan layi in sauke shinge, mota ba ta wucewa. In bai kai ba kuwa na rufe, to aikina ya tafi, don shef, wato shugabanmu na Maradi, ba ya wasa.

Akwai wani tsoho, Baba Nomau, mai fito da kwalekwale tun kafin a yi gadar. Gada ta kashe masa sana'a, sai ran da aka rufe ta yake samun mutane. Don haka ko gaisuwarsa ban cika yarda da ita ba.

Ran nan, ranar kasuwa ce, ga kamyo, wato babbar motar kaya, cike da mata da buhuna yana tafe, sai ga Baba Nomau.

"Ɗana, rufe gadag ga."

"Baba, ruwa ko kusa da layi bai kai ba."

"Kai saman ruwa kake kallo. Taho ka gani."

A raina na ce, tsohon nan ya hango kasuwa. Na tsai da direba, na shiga kwalekwalen ina harararsa. Da muka isa ƙafar gada ta tsakiya sai ya miƙo mini doguwar sandar da yake tuƙi da ita, ya ce in taɓo ƙasa. Na zura, na zura, har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa. Babu ƙasa.

"Shekaranjiya nan rabin sanda na," in ji shi. "Ruwa ya kwashe rairayi ta ƙasa."

Duk da haka sai da na gwada wasu wurare biyu, ko ya kai ni wani tsohon rami ne da ya sani. Na fito na sauke shinge. Direba ya zage ni tas, ya ce mun haɗa baki da tsoho, sai ya kai ƙarata buro, wato ofishinmu. Ni kaina na zuba ido in ga yadda Baba Nomau zai kwashi mutanen nan a kwalekwale.

Sai ya jawo kwalekwalensa kan tudu ya kife shi.

"Ruwan Katsina na bisa hanya," ya ce. "Yau ko ɗiyata ba ni ƙetarwa da ita."

Da la'asar ruwa ya iso, ƙafar nan ta karkace muna kallo, mata suna salati. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Ku da kuke aikin yanzu, ma'auni saman ruwa kawai yake nunawa, ƙasan kuwa masu fito suka san shi. Washegari na je ba Baba Nomau haƙuri bisa zargin da na yi masa, sai ya ce, "Ai na sani. Kullum in ka gaishe ni, hannuna kake kallo, kamar akwai abin da na ɓoye a ciki."