Baba Sitati da Gurguwar Agwagwa

Baba Sitati mai wanki da guga ne, kuma tun yana saurayi ya yanke hukunci cewa duk abin da ya yi fari tas lafiyayye ne. Da wannan ma'auni ya zaɓi kwastomomi, da shi ya zaɓi abokai. Matarsa takan ce ita kaɗai ce ta shigo gidan bisa kuskure.

Da hannunsa ya fara rawa, har ya ƙona wuyan rigar wani lauya, sai ya kafa akurki a bayan shago, kusa da igiyoyin shanya, ya zuba agwagi farare. Su ne za su riƙe shi ranar da zai ajiye dutsen guga.

Wata damina cuta ta shiga akurkin. Agwagi suka daina ci, suka takure, jiki zafi, ga zawo. Yawancin waɗanda suka kamu sun mutu. Ɗaya ce ta tashi, a rame, gashi a tuje, ƙafa ɗaya a shanye. Yaran layi suka sa mata Gurguwa.

Baba bai kore ta ba, don yana da tausayi daidai gwargwado. Ƙwanta dai ya hana ta kwanci a kai.

"Soya mana su," in ji shi ga matarsa. "Ba za a ƙyanƙyashe min ɗingishi a gida ba."

"Malam, ita fa ta ga mutuwa ta dawo."

"Ai shi ya sa ta yi kama da ita."

Ya bar fararen da cutar ta tsallake suka yi ta ƙyanƙyasa. Daga baya ya ɗauki Gurguwa ya kai wa ƙanwarsa kyauta, ya dawo yana jin ya yi zumunci.

Da cutar ta sake dawowa, ta kan ƙananan ta fara. Likitar dabbobi ta zo, ta duba akurkin, ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa kamuwa ta warke.

"Akwai wata mummuna."

"Baba, wadda ta warke jininta ya riga ya san ƙwayar cutar, ya haɗa mata makami. Uwa kuma tana zuba wa 'ya'yanta wani abu daga wannan garkuwa a cikin gwaiduwa, ya kare su kafin nasu jikin ya yi ƙwari. Ban ce da duk sun rayu ba, kuma riga-kafi ya fi tabbas. Amma ina ƙwan nata?"

Baba ya dubi matarsa. Matar ta dubi kaskon suya.

Washegari ya sa rigarsa mafi karin guga ya tafi gidan ƙanwarsa, yana shirya yadda zai karɓi kyautarsa ba tare da ya roƙa ba.

"Wace agwagwa, Yaya? Gurguwar? Ai ranar da ka zo duba mai gidan nan muka yanka ta. Kai ma ka ci. Har ka ce a ƙaro romo."

Ya tuna romon. Gaskiya ya yi daɗi.

Akurkin yanzu gawayi ake ajiyewa a ciki. Baba yana nan a shago, yana riƙe dutsen guga da hannu biyu, kuma rigunan manya sun koma wani layin. Kayan makaranta ake kawo masa, waɗanda iyaye ba sa duba wuyansu sosai.