Bonet a Tsakar Gida

Wata tipa ce ta jawo min. Ina bin bayanta a hanyar Nsawam tana zubar da tsakuwa, ina jin ƙas-ƙas a gaban mota, ba halin wucewa. Da na iso unguwarmu Nima na duba, sai na tarar fentin bonet, wato murfin injin, ya ɓantale nan da can, ƙananan ramuka kamar an yi masa sakiya. Motar tsohuwa ce, shuɗiya, amma ita ce ta farko da na taɓa mallaka. Kuma iskar tekun Ankara ba ta barin ƙarfe tsirara. Kafin mako ya zagayo ramukan sun fara jan tsatsa.

Mai feshin fentin mota da na je wurinsa ya ce sai dai a sake fentin bonet gaba ɗaya, in bar masa motar har ya samu sarari. Ni kuwa da ita nake kai kaya shagona a Tudu. Na ce wannan ɗan aiki ai bai fi ƙarfina ba. Na sayo ƙaramin gwangwanin fenti, da sanfefa mai laushi ta goge tsatsa, da tina, ruwan wanke fenti a hannu.

Matsalar ita ce mota ba ta shiga lungunmu. A bakin titi take kwana, kusa da kwata, inda ƙura ba ta kwanciya. Maƙwabcina, wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa trotro, ƙaramar bas ta haya, shi ya ba ni shawarar mu kwance bonet ɗin mu kai shi gida. Ran Asabar da safe muka kwance, muka ɗauko shi a karkace. A kwanar masallaci gefensa ya gogi bango, ya samu sabon tabo da ya fi na tsakuwar tsawo. Dattijon ya ce ba komai, tunda ga fenti a hannu.

Muka ɗora shi kan benci biyu a tsakar gida. Na wanke, na goge tsatsar rami bayan rami, na ɗauki tsinken sakace ina ɗiga fenti a hankali, har wuyana ya ƙage. Da na miƙe na duba, raina ya yi fari. Saura ya bushe.

Abin da na manta shi ne washegari sunan jikar Hajiya, mai gidan da muke haya. Kafin azahar mata sun cika tsakar gida da tukwane da turame. Biyu suka zauna daf da ni suna tankaɗen garin masara. Iska ta kaɗo, ina kallo garin ya sauka kan ɗanyen fentina. Na je wurin Hajiya, na rusuna, na roƙa ko za a ɗan matsa da tankaɗen zuwa bayan ɗaki.

Ta dubi bonet ɗin, ta dube ni. "Ɗana, tun da aka gina gidan nan, abinci ake dafawa a tsakar nan. Ban taɓa jin an ce gareji ba ne."

Ni da dattijon muka kinkime bonet ɗin zuwa ɗakina, muka jingina shi da kujera. Na sake gogewa, na sake ɗigawa, raina a ɓace, ɗigon yana fin ramin girma. Matata ta shigo ta ce warin ya hau mata kai, ta kwashe tufafin da za ta sa gobe ta kai ɗakin wata maƙwabciya. Ta tambaye ni ko ƙarfen ne zai kwana a ɗaki ita ta kwana a titi. Na yi kamar ban ji ba.

Da la'asar hadari ya taso. Ina ta murna bonet yana cikin ɗaki, sai da ruwa ya kece na tuna injin yana can a buɗe. Na fita a guje da ledar shimfiɗa, na tsallaka kwatar da ta cika, amma kafin in isa komai ya jiƙe.

Ran Lahadi, baƙi na shigowa bikin suna, mu muna fita da bonet, kowa na matsa mana hanya yana tambaya ko hatsari na yi. Muka ɗaura. A hasken rana na ga abin da ɗaki ya ɓoye min: fentin da na sayo, da ya bushe, ya fi na motar duhu. Kowane ɗigo ya fito ɓaro-ɓaro, wasu da ƙurajen gari a ciki. Na murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru.

A trotro na tafi Tudu ran Litinin, da kaya a cinya. Da na dawo na kira makanike, ya busar da wayoyin motar ta tashi, daga nan na wuce wurin mai feshi. Ya zagaya gaban motar, ya shafa ɗigon da yatsa, ya tambaye ni wa ya yi min wannan aiki. Na ce wani ne a unguwa. Ya ce yanzu sai ya kankare duka kafin ya fara nasa, in dawo bayan mako biyu.