Sai Hannu Ya Zauna

Duk wanda ya gangara fadamar Gummi da la'asar, bayan an yanke shinkafa, zai ga wani dogon dattijo ya naɗe ƙafar wando, yana dukan wata 'yar farar ƙwallo da sandar ƙarfe, sannan ya bi ta yana masifa shi kaɗai. Baƙo yakan ɗauka taɓin hankali ne. Mutanen gari kuwa sun daina ko waiwaye. Jibo ne, mijin Dije mai ƙuli-ƙuli, yana buga golf ɗinsa.

Ba a Gummi ya samo wannan jaraba ba. Yana saurayi ya hau bayan motar shanu zuwa Kaduna neman aikin masaƙa, a cikin motar ya haɗu da Labbo, wani siririn Bafulatani daga Bukkuyum, shi ma da buri iri ɗaya. Masaƙa ba ta ɗauke su ba. Filin golf ne ya ɗauke su, aikin ɗaukar jaka. Manyan mutane su buga ƙwallo, su kuma su bi bayansu da jakar sanduna a kafaɗa, su nemo ƙwallon in ta shiga ciyawa, su miƙa sandar da ta dace, su kama bakinsu. Ranar Litinin da safe manya ba sa zuwa, sai a bar masu ɗaukar jaka su buga da tsofaffin sanduna. Don wannan Litinin ɗin Jibo yake rayuwa.

Kuma Allah ya ba shi bugu, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. In ƙwallo ta zauna masa daidai, ƙarar kaɗai takan sa masu yankan ciyawa su ɗago kai. Sai ta tashi ta yi ta tafiya har ido ya gaji da bin ta. Matsalar ita ce bugun da ke biye. Wannan sai ta nufi daji, na bayansa ya tono ƙasa, na bayan wancan kuma ya kusa fasa kan wani bawan Allah. Labbo kuwa bugunsa gajere ne, ba abin kallo, amma kullum a miƙe, kuma kullum shi ke ci. Yakan ce wa Jibo, hannunka na sarauta ne, sai dai bai da mazauni. Jibo ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a rai.

Da zama ya yi tsawo, hanyoyinsu suka rabu. Labbo ya bi wani maigidansa harkar motocin dakon kaya, Allah ya buɗa masa. Jibo kuma Innarsa ta kwanta ciwo, ya tattaro ya dawo gida da sanduna uku da ba su san juna ba da 'yan ƙwallaye a cikin safa. Ya yi jinya, ya yi jana'iza, ya auri Dije, ya kama noma.

Sai zinari ya fashe a ƙasar Anka da Bukkuyum. Wa ya zauna? Jibo ya bar iyali a Gummi ya tafi 'Yargalma, ya samu aiki a kan injin niƙa dutse. Wuni yake a tsaye cikin ƙura, ya fito fari fat har gashin ido, ya karkaɗe riga ya ci tuwo. Da gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen ta fara kwashe yara, ya ga abin da har yau ba ya son a tayar masa. Likitocin agaji suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aka yi ta ɗaukar ƙanana zuwa asibiti. Jibo ya gode wa Allah da nasa suna Gummi, ya kuma yanke wa kansa hukunci, kamar yadda mazan wurin da yawa suka yanke, cewa dalma ciwon yara ce. Ai ba a ga an kwantar da ƙato ba. Aka matsar da injin bayan gari, ya bi shi, ya ƙara shekaru yana shaƙa, har sai da daji ya ƙi zaunuwa ya dawo gida.

A shekarar da ya dawo ne Labbo ya kira shi. Alhaji Labbo yanzu, kuma ɗan ƙungiya a filin nan da suka yi wa bauta. Ya ce Jibo ya zo su buga, su biyu, ranar Asabar, su shiga ta ƙofar gaba, wani ya ɗaukar musu jaka. Tun yana saurayi abin da Jibo yake mafarki ke nan, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Dije. Amma da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa, to, zai zo, a dai ba shi lokaci kaɗan hannu ya zauna. Ba zai shiga ta ƙofar gaba ya tono ƙasa a gaban yaran da ke ɗaukar jaka ba. So yake Labbo ya ga bugu mai kyau, ya ga na biyu, ya ga na uku, ya janye tsohuwar maganar nan da bakinsa.

Haka filin golf na Gummi ya samu. Ya binne gwangwanin tumatir ya zama ramin da ake so ƙwallo ta faɗa, ya kafa kara da tsumma a kai. Ya ɗebo yashin gulbi ya cuɗa da baƙin man injin ban ruwa ya shimfiɗa kewaye da ramin, yana jan buhu a kai don ya kwanta, yadda ake yi a Kaduna a zamaninsu. Filin na aro ne, kuma na ɗan lokaci: daga yankan shinkafa zuwa ranar da masu noman rani za su sako ruwa. Tsagewar ƙasa tana haɗiye ƙwallo, shanun Fulani suna bi ta kan yashin, wata saniya ma ta taɓa tauna masa ƙwallo tana kallonsa ido cikin ido.

Abokin wasa ɗaya ya samu, Malam Salihu, maƙwabcinsa mai makarantar allo, jikan malamai, wanda likita ya ce ya riƙa tafiya saboda hawan jini. Malam yana dukan ƙwallo kamar mai kashe maciji, kuma ko'ina ta nufa sai ya ce alhamdu lillahi ya bi ta. Wannan natsuwa tasa tana ƙona wa Jibo rai. Shi kuwa babu gyaran da bai yi ba. Ya sauya riƙo, ya sauya tsayuwa, ya matso da ƙafa, ya janye ta. Ya sa aka sauko masa da bidiyon Turawa a waya, ya kalla har ya haddace motsinsu ba tare da ya ji abin da suke cewa ba. Malam ya ba shi shawarar masu hadda, ya ce a riƙe abu ɗaya a yi ta maimaitawa, a bar tsalle-tsalle. Ya gwada wannan ma. Wata rana sai bugu ya fito tsaf kamar na da, ya dawo gida yana raha, har ya tambayi kuɗin mota a tasha. Washegari sanda ta juya a hannunsa, ƙwallo ta faɗa gulbi.

Kowace shekara Labbo ya kira, kowace shekara Jibo ya samo dalili. Hanyar Gusau ba lafiya, kuma gaskiya ne ba lafiya, sai dai ya ji daɗin samun gaskiyar da zai fake a bayanta. Ambaliya ta ci shinkafa. Aurar da 'ya. Daga baya kiran ya ragu, ya koma gaisuwa ta bakin ɗan Labbo, Alhaji na gaishe ka, yana cewa yaushe. Jibo ya ce a ransa Labbo ya yi fushi, kuma ba a ga laifinsa ba. Kewarsa ta dame shi ƙwarai. Yakan zauna a gindin tsamiya yana tuno warin ciyawar da aka yanke da safe, da yadda Labbo ke tafiya a gabansa da jaka tana karkata masa kafaɗa. Amma maimakon ya hau mota, sai ya ƙara sa'o'in fadama.

Dije ta riga kowa gani. Ta ga ludayi yana suɓuce masa, ta ga yana fama da maɓallin riga, ta ga ya koma ɗaukar buta da hagu. Ta yi magana, ya ce sanyi ne da tsufa. Ta shafa masa man zafi ta yi shiru, don ta san mijinta: a kan komai yana jin magana, ban da abin da ya shafi hannun nan. Shi a wurinsa ba wani sabon abu. Hannun da bai da mazauni tun yana saurayi, yau ne zai ba shi mamaki? Laifinsa ne, rashin natsuwarsa ce, kuma zai gyara.

A masallaci asiri ya tonu. Bayan sallar la'asar Malam Salihu ya riƙe shi a ƙofa har mutane suka watse. Ya fara da istigfari, ya ce ba kyau mutum ya riƙa kalle-kalle a cikin salla, amma idonsa ya faɗa, kuma ba yau ya fara faɗawa ba. A zaman tahiya kowa yana ɗaga manuniya, ta Jibo tana kwance a kan cinya.

"Miƙo hannun," in ji Malam. "Ɗaga mani wanga yatsa."

Jibo ya miƙa, yana murmushin wanda ake ɓata wa lokaci. Ya umarci yatsa ya tashi. Yatsa ya ɗan motsa ya koma. Malam ya ce to ya ɗaga hannun duka daga wuyansa, kamar mai tsayar da mota. Hannun ya tsaya a lanƙwashe, yatsu suna kallon ƙasa. Suka tsaya su biyu suna dubansa kamar na wani ne.

"Jibo, wanga ba riƙon sanda ba ne. Ka tafi a duba ka."

Dije ce ta raka shi Anka, inda aka saba da irin wannan ciwo. Aka ɗebi jini, aka tambaye shi aikin da ya yi, ya faɗa. Likitan bai yi wani kewaye-kewaye ba. Dalma ce, ta daɗe a jikinsa, ta taɓa jijiyar da ke ɗaga hannu. Jibo ya ce ai shi ba yaro ba ne. Likita ya ce yara takan kashe da wuri, manya kuma takan ci su a hankali. Za a ba shi magani, wataƙila a samu sauƙi, amma kada ya sa rai hannun zai koma yadda yake.

Abin mamaki, a motar dawowa farkon abin da Jibo ya ji sauƙi ne: ashe ba sakacinsa ba ne. Sai baƙin ciki ya biyo baya ya danne sauƙin. Duk shekarun nan yana zagin kansa a fadama, yana gyaran abin da ba ya gyaruwa, Labbo yana can yana jira. Da ya tafi tun kiran farko, lokacin hannun da sauran ƙarfinsa, da ko bugu ɗaya mai kyau ya samu a cikin goma, kuma da ya ishe su dariyar shekara.

Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya yanke shawara. Zai kira Labbo ya faɗa masa gaskiya duka, ya ce ga shi nan zuwa haka nan, a yi masa dariya in za a yi. Ya gangara fadama inda waya ta fi kamawa, Malam Salihu na biye da shi da sanduna. An fara gyaran kwalbatin ruwa, filin saura kwanaki. Ɗan Labbo ne ya ɗauka. Jibo ya ce yau ba saƙo zai bari ba, a ba shi Alhaji. Aka yi jim, aka ji ana gyara wa mutum zama.

Muryar da ta fito ta Labbo ce, amma a karkace, kowace kalma sai an jawo ta. Kafin Jibo ya gama sallama Labbo ya tare shi. Ya ce kada ya ga ya daina kira ya zaci fushi ne. Ɓarin jikinsa ne ya shanye tun azumin bara, kuma kunya ta hana shi bari Jibo ya ji bakinsa haka. Ya ce wasa kam ya ƙare masa, ya rabar da sandunansa.

"Abu guda ya rage mani," in ji Labbo. "Ka zo. Yara su tura ni a keke har bakin fili, in zauna. Ka buga mani irin bugun nan naka na ranar Litinin, in ji ƙarar, in bi ta da ido. Duk waɗanda ke bugawa yanzu, wallahi babu mai hannunka."

Jibo ya dubi hannunsa na dama, yana rataye a gefensa. Duk maganar da ya shirya tana bakinsa. Ya haɗiye ta.

"Ina nan tafe, Labbo. Jibi in Allah ya so."

"Hannun ya zauna ke nan?"

"Ya zauna."

Ya kashe waya. Malam Salihu, da ya ji komai, ya tambaye shi a hankali don me bai faɗa masa ba. Jibo ya ciro ƙwallo ya ajiye a kan busasshiyar ƙasa, ya ɗora hannun a kan sanda, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu. Sannan ya dubi rawanin da ke kafaɗar Malam.

"Malam, ɗaure mani shi da sandar. Ka tamke sosai."