Neman Ƙwaƙwalwar Tsohuwar Saniya

Zariya zuwa Gusau

Ana idar da sallar asuba na shiga mota, na rungume kular ƙanƙara a cinya. Aikina a ɗakin bincike shi ne gano yadda wani furotin yake dunƙulewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har ya kashe su, abin da ke jawo ciwon mantuwa. Da tsufa yake bayyana, shi ya sa ƙwaƙwalwar tsofaffin shanu nake nema. In ban kawo a makon nan ba, wani za a ba layina a na'urar gwaji, ni sai baɗi. Kawu Bello, ƙanen mahaifiyata, mahauci ne a Sakkwato. Na nanata masa a waya har na gaji: tsofaffi, waɗanda haƙoransu suka cinye.

Kafin Gusau wani soja ya buɗe kular, ya ga ƙanƙara zalla. "Hajiya, sanyi za ki kai musu?" Fasinjoji suka ƙyalƙyale don a sake mu da wuri. Ban taya su ba.

Ƙofar Kware

Da la'asar muka isa, rabin ƙanƙarar ya zama ruwa. A gidan Kawu na fara da gaida Inna, kakata ta wajen uwa, wadda ta yaye ni. An mai da ita ɗakin baya kusa da turken awaki, da sakata ta waje. Ta dube ni ta ce, "Baƙuwa, daga ina kinka hito?"

"Tsuhwa na kawai, Dakta," in ji matar Kawu. "In anka buɗe mata, hita takai ta ɓace." Ta koma kan tuwonta.

Mayanka

Washegari Kawu ya tara abokan sana'arsa su ga 'yar boko. Ga kawunan shanu a jere a kan tebur, an wanke su tas. Na buɗe bakin na farko, haƙoran nono ne. Na biyu ma haka. Duk maruƙa ne masu ƙiba.

"Kawu, tsofaffi fa na ce."

"Ɗiyar yayata, Dakta guda, ta zaka tun daga Zariya, in miƙa mata kan tsohuwar saniya gaban mutane? A ce mi? Waɗanga da hannuna na zaɓe su."

Tsofaffin da aka yanka da safe tuni masu farfesu sun kwashe, wasu kuwa sai kasuwar mako mai zuwa. Kara ce aka yi mini, ta cinye mini shekara.

"Tsohuwa mi za a yi da ita?" ya ce yana dariya. "Ta gama anhwani." Abokansa suka gyaɗa kai. Ni sakatar nan ce ta faɗo mini, raina ya ɓaci ƙwarai.

Komawa

Na ce masa zan tafi da Inna. Na shirya yin gardama, amma kafin in rufe baki ya sa an ɗaure kayanta a zane ɗaya. Har tasha ya raka mu, da ƙullin kilishi.

Kular tana cikin but ɗin mota babu komai, Inna tana gefena. A Talatar Mafara ta riƙe hannuna ta ce, "Baƙuwa, ina za mu?" Na ce gida. A Funtuwa ta sake tambaya.

Mun sauka Zariya kafin magariba, alhamdu lillahi. Direba na gode masa. Kawu ma na gode, da bai ɓata mini lokaci ba wajen ba ni mahaifiyarsa.