Na Je Dubai Ganin Surukin Mama

Kafanchan zuwa Abuja

Tun kafin zakara ya yi cara na fita daga gida. Mama ce ta aike ni in gano mata Baturen da ƙanwata Rifkatu ta ce za ta aura a Dubai. A bakin ƙofa ta ce, "Ishaku, in bai yi ba, ka ce na hana." A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu sau da yawa, suna duba takardun motar da ba ta da birki.

Deira

Da jirginmu ya sauka a Dubai, Rifkatu ta tarbe ni, muka hau jirgin ƙasa zuwa Al Muraqqabat da ke unguwar Deira, inda suke cushe ita da abokan aikinta a flat ɗaya. Can na tarar da mutumin, Andrei, ɗan Romaniya mai aikin fitilu a wani gidan wasa. Ya durƙusa ya gaishe ni har gwiwarsa ta yi ƙara. Tuwon da aka kawo ya ci da hannu, rabi a baki, rabi a riga.

Gidan wasa

Kashegari ya kai mu kallon opera, wasan da ba a magana sai waƙa, ko ruwa za ka roƙa sai ka rera. Mai gadi ya ga ni da Rifkatu, ya nuna mana ƙofar ma'aikata. Andrei ya riƙe hannunta ya ce, "Ta nan za mu shiga, habibti." Muka shiga.

Labarin wani jarumin Afirka ne da ya so 'yar sarkin Turawa. Da jarumin ya fito, sai na ga Bature ne aka shafe da baƙin fenti. Garin da ko'ina ka juya baƙar fata ne, an rasa guda mai murya. Yana waƙa yana gumi, Afirkar tana zuba ta wuyansa. Da ya rungume gimbiyar, ya bar mata rabin nahiyar a farar riga. Ƙarshe suka sha guba, suka daɗe suna waƙa kafin su yarda su mutu. Jama'a suka miƙe suna tafi.

Na tambayi Andrei, "Duk haka ake ƙarewa?"

Ya ce, "Kusan duka. In baƙi da fara suka rayu, masu kallo ba sa jin daɗi."

Rifkatu ta ce, "Yaya, khalas, ya isa haka, mu dai ba za mu mutu don a tafa mana ba. Me za ka gaya wa Mama?"

Na ce sai na isa.

Gida

Na iske Mama tana tankaɗe, na zayyana mata komai, tun daga durƙuson har mai gadin da fentin. Na ce yaron ya yi. Ta ajiye rariya ta ce, "To, ya zo ya gaishe ni. Amma ka gaya masa kada ya shafa komai, ya zo da fatar da uwarsa ta haife shi da ita."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.