Baba Waigi da Motar da Ta Ƙi Ja da Baya

A layinsu ba mai kiransa da komai sai Baba Waigi. Sunan ya samo asali ne daga waigi, wato wani guntun katako da yake yawo da shi a mota tun zamanin da yake jan babbar mota. Duk inda ya tsaya, ko da fili ne shimfiɗe kamar faranti, sai ya ja burkin hannu har ƙarshe, ya fito ya cusa katakon a gindin taya. Da ciwon baya ya raba shi da babbar mota, sai ya koma tuƙa wata mai shagon magani da kowa ke kira Anti. Shi ya kai 'ya'yanta makaranta tun suna kuka a hanya har suka yi gemu.

Yana da wata ɗabi'a kuma ta tsofaffin direbobi. In zai yi ribas, sai ya buɗe ƙofa, ya leƙo da rabin jikinsa waje yana kallon tayar baya. Bel kuwa sai ya hau titi yake ɗaurawa. A haka ya tsufa, bai taɓa goge ko fentin get ba.

Sai babban ɗan Anti ya saya mata sabuwar mota. Baba ya lalubi burkin hannu ya ji wayam, sai wani ɗan maɓalli tsakanin kujeru da bai fi farcen babban yatsa ba. Gaba dai lafiya lau take tafiya. Amma kowace safiya, da ya buɗe ƙofa zai fita da baya ta ƙuntataccen get ɗin gidan, sai tayoyin baya su yi wani ɗan kuka, jar fitila ta kama, mota ta kafe. Ya ba ta wuta, ta yi gurnani ta ƙi motsi. Anti na zaune a baya tana duba agogo.

Da abin ya yi yawa, ɗan ya ce, “Baba, ko dai motar ce, ko kuma...” Bai ƙarasa ba. Anti ce ta ƙarasa masa, idonta a ƙasa: a kai ta wajen gyara, in aka ce lafiyarta ƙalau, yaron ya riga ya yi magana da wani direba.

A gida matarsa tana shafa masa man zafi a wuya ta ce, “Ba kai ke cewa mota mace ce, lallashi take so ba? To ga ta nan ta yi maka yaji a tsaye.”

“Ke dai shafa, uwar 'ya'ya. Wannan ba ta jin lallashi.”

“In sun sallame ka, ni ce zan sha zamanka a tsakar gida.”

Abin da yake tsoro ke nan, zaman.

Washegari ya kai motar garejin wani tsohon abokinsa mai gyaran wutar mota, wanda ake kira Tartsatsi. Tartsatsi ya auna batir, ya zare fis ya duba ya mayar, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Ya taka burkin ƙafa ya danna maɓallin, burki ya saki. Ya ɗago shi, ya kama.

“Motar nan ta fi ni da kai lafiya,” in ji shi. “Shiga ka nuna min yadda kake yi.”

Baba ya shiga, ya sa ribas, ya buɗe ƙofa ya leƙo. Mota ta kafe.

Tartsatsi ya fara dariya, ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye sauran. “Tsoho, ai ta ɗauka ka fita ne. Ƙofa a buɗe, ba bel, sai ta riƙe kanta kada ta gangara. Aikin waiginka take yi. Ga shi ma tana rubuta maka.”

Baba ya dubi allon da ke bayan sitiyari. Hazo kawai ya gani. Nesa yana gani tar, amma na kusa ya daɗe da guje masa, wuya kuma ya daina juyawa, madubi ko tun asali bai yarda da shi ba. Tartsatsi ya cire tabaransa da aka ɗaure wa ƙafa da waya ya miƙa masa. Rubutun ya fito, da hoton bayan motar a wani allon da ke gefe, har da layukan da ke nuna inda taya za ta bi.

“In ce wa Anti fis ne ya ƙone?” in ji Tartsatsi.

Baba ya daɗe yana kallon allon. “Gobe ma get ɗin yana nan,” ya ce. “Faɗa mata abin da ka gani.” A hanyar gida ya tsaya ya sayi tabarau.

Da safe ɗan yana tsaye a bakin get, hannuwa a harɗe. Anti ta shiga baya. Baba ya rufe ƙofa, ya ɗaura bel, ya ɗora tabarau a kan hanci. Ya taka burki, ya danna maɓallin, jar fitilar ta mutu. Hannunsa ya kai ga marikin ƙofa da kansa, ya dawo da shi kan sitiyari. Motar ta ja baya a hankali kamar mai ciwon ƙafa, shi kuwa ji yake kamar an rufe shi a akwati. Madubin gefe ya wuce ginshiƙi da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Suka hau titi.

Ɗan ya sunkuyo ta taga. “To, Baba. Mu gani zuwa ƙarshen shekara.”

“Allah ya kai mu,” in ji Baba. Shi ya koya wa yaron nan ɗaure igiyar takalmi.

A ƙofar shago Anti ta ce, “Tabarau ya karɓe ka, sai ka ce alƙali. Ka dawo da yamma ka ɗauke ni.”

Ya ɗago maɓallin, ya ji tayoyin baya sun kama. Ya zauna jim kaɗan yana murza wuya. Sannan ya fito, ya buɗe but, ya ɗauko katakonsa ya cusa a gindin taya.